Na haddace ƙamus, na faɗi Turanci

Ranar Asabar da ta wuce na je gaida ƙanwata a Unguwar Rogo, sai na tarar da babban ɗanta, wanda yake ajin ƙarshe na sakandare, zaune a zaure bayan sallar Magariba, ya lulluɓa da bargo saboda hunturun Jos, waya a hannun hagu, biro a hannun dama, yana kwafar wani abu cikin littafin rubutu. Da na tambaye shi abin da yake yi, sai ya miƙo mini littafin da murna ya ce, "Kawu, manyan kalmomin Turanci nake tarawa saboda WAEC, yanzu na kai ɗari shida." Na buɗa na ga jeri bayan jeri, kowace kalma da ma'anarta a gefe, irin su "ubiquitous" da "magnanimous" da "procrastinate", ga kuma wasu shafuka na salon magana da ya kwafo daga wani bidiyo. Na ce masa ya ajiye littafin ya ba ni labarin abin da ya yi jiya tun daga safe, da Turanci. Jimlarsa ta farko ita ce "Yesterday I go to the market", kuma a ta uku ya tsaya cak. Ban iya ce masa komai ba a lokacin, domin littafin da ke hannuna tamkar nawa ne na shekaru talatin da suka wuce, har da yadda aka ja layi a tsakiyar kowane shafi.

Nawa littattafan guda huɗu ne. Na sayi tsohon ƙamus a wajen masu baza littattafai a gefen kasuwar Terminus, tun kafin gobarar 2002 ta cinye ta, na ɗora wa kaina kalma goma kowace rana, kuma ba na zaɓen kalma sai mai tsawo wadda na tabbata babu wanda ya san ta a ajinmu. Kafin in gama aji biyar na haura kalma dubu biyu. Idan aka yi muhawara a makaranta ni ake turawa, kuma da zarar na jefa ɗaya daga cikinsu sai ɗakin ya ɗauki tafi, duk da cewa masu tafin ba su fahimce ni ba, ni ma da za a tsare ni in sa kalmar a wata jimla dabam da na kasa. Wannan tafin shi ya ruɗe ni, kuma har yau ina jin nauyin yadda na ɗauke shi shaidar ilimi.

Amma ina so a yi mini adalci, domin ba haka kawai na faɗa cikin wannan hali ba. Wanda bai tashi a Jos ba, zai yi wuya ya gane matsayin ɗan Bahaushe a aji irin namu. Muna zaune da 'ya'yan Birom da Angas da Ibo da Yarabawa, da yawansu suna jin Turanci a gida ko a coci tun suna ƙanana, mu kuwa daga gida zuwa makarantar allo zuwa kasuwa babu inda muke bukatarsa, tunda kusan kowa a garin yana jin Hausa. Ranar da na fara karatu a bayyane a aji ɗaya, na furta "people" da sautin da bakina ya saba da shi, aka yi ta dariya har malami ya buga tebur. Yaron da aka yi wa haka dole ya nemi abin kāre kansa, ni kuwa abin da na samu shi ne manyan kalmomi. Ga shi kuma a wancan zamani idan aka ce wane ya iya Turanci, abin da ake nufi shi ne ya faɗi abin da ba a gane ba. Duk da haka ba zan ce ba a gargaɗe ni ba. Malaminmu na Turanci ya sha maido mini da insha'ina jajir da jan biro, ya rubuta a ƙasa cewa in rubuta abin da nake nufi kawai, ni kuma na ɗauka bai san kalmomin ba ne shi ya sa yake jin haushinsu. Wannan girman kan nawa ne, ba na zamani ba.

Abin da ya fi ci mini rai bai ma shafi jarrabawa ba. Mahaifin wani abokin karatuna ya rasu muna aji shida, na zauna na rubuta masa wasiƙar ta'aziyya da Turanci, kuma saboda ina so in nuna gwaninta sai na ɗauko wani salon magana daga jerin da na haddace, na rubuta cewa na ji mahaifinsa "kicked the bucket". A littafina ma'anar da ke gabansa ita ce mutuwa, ba a ƙara komai ba. Ban san cewa magana ce ta wasa da rashin ladabi ba, kwatankwacin ka je gidan makoki ka ce wa ɗan mamaci ka ji tsohonsa ya sheƙa lahira, maimakon ka ce Allah ya yi masa rasuwa. Abokin nan bai amsa wasiƙar ba, bai kuma sake zama kusa da ni ba har muka gama. Sai bayan shekaru na gane abin da na yi, lokacin da ba ni da hanyar samunsa in ba shi haƙuri. Kowane Bahaushe ya san cewa "ya mutu" da "ya rasu" da "ya riga mu gidan gaskiya" ba a wuri ɗaya ake faɗarsu ba, to haka Turanci yake, kuma jerin kalmomi da ma'ana ba ya gaya wa mutum wannan.

Da sakamako ya fito na sami kiredit a darussa shida, Turanci kuwa P7, wanda yanzu ake kira D7, alhali jami'a ba ta karɓar ƙasa da C6. A lokacin babu hukumar jarrabawa ta NECO, domin sai a 1999 aka kafa ta, ta fara jarrabawarta a 2000, saboda haka wanda ya faɗi sai ya jira GCE ta ƙarshen shekara. Na zauna mata da shiri iri ɗaya, na ƙara kalmomi ɗari biyar a kan na da, na sake faɗuwa. Shekara biyu ina tsaron shagon baffana, ina ganin waɗanda nake yi wa kallon ba su iya komai ba suna hawa motar haya zuwa Jami'ar Jos a hanyar Bauchi. Na zargi masu duba takardu, na ce an ɓatar da takardata, har na taɓa gaya wa mahaifiyata cewa ana tauye 'yan Arewa ne da gangan, ta yarda da ni saboda ba ta da hanyar sanin gaskiya, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta da ya daɗe yana duba takardun jarrabawa, shi ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda ake rabon maki. Insha'i, wanda ake so ya kai kalma 450, ana auna shi ta fuska huɗu: abin da ka faɗa, yadda ka tsara shi, yadda ka sarrafa harshen, da kuma tsabtar rubutu daga kurakurai. A wannan na ƙarshen kowane kuskure na nahawu ko na rubutun kalma ko na aya da waƙafi yana cin rabin maki, har makin sashen ya ƙare. Babu wani gurbi da aka ware wa doguwar kalma, kuma idan ka sa ta inda ba ta dace ba asara ce. Sashen taƙaitawa kuwa yana neman ka faɗi abu da gajeriyar jimla taka ta kanka, wato daidai abin da na shafe shekara uku ina horar da kaina in guje masa. Ya ce in rubuta masa shafi ɗaya a kan yadda na yini. A shafin ya zagaye kuskure fiye da ashirin, kuma babu ko ɗaya a cikin manyan kalmomi, dukkansu a ƙananan abubuwan da nake raina wa suke.

A nan ne na fara ganin inda Hausa take jan hannun mai koyon Turanci ba tare da ya sani ba. Mu a Hausa lokaci yana rataye ne a jikin wakilin suna, muna cewa na tafi, ina tafiya, zan tafi, shi kuwa Turanci aikatau ɗin yake juyawa, "go" ya koma "went" ya koma "gone", shi ya sa ɗan ƙanwata ya ce jiya "I go". Muna jin magana, muna jin wari, muna jin yunwa, duk da kalma ɗaya, sai yaro ya rubuta "I hear the smell". Muna shan ruwa da magani da sigari da mangwaro, Turanci kuwa kowanne da nasa aikatau, magani "take" ake yi masa. Muna cewa ara mini, sai a juya shi ya zama "borrow me" a inda ake bukatar "lend me". Ga kalmomi irin su "advice" da "information" da "furniture" waɗanda ba sa ɗaukar alamar jam'i, ga "discuss" da ba ya son a bi shi da "about", ga ƙaramin harafin nan da ake liƙa wa aikatau idan mai aikin mutum ɗaya ne da ake ba da labarinsa, a ce "he goes". Waɗannan su suka kayar da ni sau biyu. Wata takwas na yi ina kai wa dattijon nan shafi ɗaya kullum, ina karanta tsofaffin jaridun Nigeria Standard da ke shagon, ina lura da yadda jimla take tafiya, kuma a zama na uku na sami C5.

Da na dawo gida daren Asabar ɗin na yi niyyar tsara wa yaron nan shawarwari goma, amma da na zauna sai na ga ba su kai haka ba. Ga su nan, gare shi da sauran ɗalibai irinsa. Ku daina tara kalmomin da ba ku taɓa gani a cikin jimla ba. Idan kalma ta burge ku, ku kwafe jimlar da kuka tsince ta a ciki gaba ɗaya, ku duba wa ake gaya wa ita da kuma a wane hali. Ƙamusoshin da aka yi domin masu koyo suna bayyana ma'anar dukkan kalmominsu da kalmomi kimanin 2,000 zuwa 3,000 kacal, kuma wanda ya mallaki waɗannan da kyau babu insha'in sakandaren da zai gagare shi. Ku nemi jawabin da Abubakar Tafawa Balewa ya yi ranar samun 'yanci a 1960 ku saurara, malamin makaranta ne daga nan Bauchi maƙwabciyarmu, za ku ji yawancin kalmominsa ɗan aji uku ya san su.

Na ce ku bar hadda, amma dole in janye rabin maganar. Aikatau masu juyawa ba bisa ƙa'ida ba, irin su "bring" da "teach" da "lie", babu wata dabara a kansu sai hadda, kuma tambayoyin zaɓi na WAEC da na JAMB suna tambayar kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyi da salon magana, inda na yarda tsofaffin littattafaina sun ɗan taimake ni. Saboda haka ku haddace salon magana domin ku gane shi idan ya zo, amma kada ku sa shi a rubutunku sai kun gan shi aƙalla sau uku a rubutun wanda ya iya. Ko ma dai ku bar shi kwata-kwata, babu wanda ya taɓa faɗuwa saboda bai ce ruwan sama ya zubo da kyanwoyi da karnuka ba, yadda ake kwatanta ruwa mai ƙarfi da Turanci.

Sauran kuma rubutu ne, shafi ɗaya kullum, da hannu, a kai wa wanda zai zagaye kuskure ba tare da jin kunyarku ba. A nan ne raina yake ɓaci da ku. Mu mun yi wautarmu ne cikin rashi, ƙamus ɗaya da ya rasa bango da fitilar ƙwai, ku kuwa kuna riƙe da wayar da ke da kowane ƙamus da kowace jarida da yadda ake furta kowace kalma, amma abin da kuke yi da ita shi ne kallon bidiyon minti ɗaya mai alƙawarin kalmomi goma da za su girgiza mai duba takarda. Kuna rubuta wa juna saƙo da guntattakin haruffa dare da rana, sa'an nan ku yi mamaki idan hannunku ya rubuta haka a ɗakin jarrabawa. Ba ku iya zama da shafi uku na labari ba tare da kun leƙa waya ba. Wasunku ma sun daina wahalar da kansu, suna jiran a turo musu amsa da daddare ko iyaye su biya kuɗin cibiyar da ake rubuta wa yara amsa a allo, kuma waɗannan ba ni da shawarar da zan ba su. Gara ɗan ƙanwata sau dubu, shi aƙalla yana zaune cikin sanyi yana wahala, wahalar ce kawai ya aza a inda ba za ta haifar masa da komai ba.

Washegari na koma gidan da sabon littafin rubutu da jan biro guda biyu. Na ba shi labarin wasiƙar ta'aziyyar nan, wanda ban taɓa gaya wa mahaifiyarsa ba, ya saurara kansa a ƙasa, sa'an nan ya ce, "To Kawu, kalmomin nan ɗari shida fa, in zubar ke nan?" Na ce ya ajiye su, za mu riƙa ɗaukar biyar kowane mako muna neman jimlolinsu. Mun yi da shi zai riƙa kawo mini shafi bakwai duk ranar Asabar bayan La'asar, kuma na gaya wa uwarsa ta karɓi wayar daga ƙarfe takwas na dare har sai ya nuna mata shafin ranar.