Takardar da ke bayan salular Kawu

Talata. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun kafin asuba, bai dawo ba sai wajen ƙarfe goma. Koko da ƙosai, sannan shago.

Da hantsi Kawu ya iso. Gobe zai tafi Kano sarin atamfa a Kantin Kwari, ta Ɗan Issa da Jibiya kamar kullum, ya kawo salula a canja mata gilashi. Ina zare rigarta sai ga 'yar takarda a ninke, har ta yi laushi don zufa: lambar buɗe waya, lambar sirrin asusun kuɗi, kalmar sirrin Gmail da ta Facebook, duk da shuɗin biro. Uku daga ciki da shekarar haihuwarsa aka haɗa su.

Na ce, "Kawu, ai kun bar makulli a jikin kwaɗo."

Ya ce, "Ɗana, shekara nawa ina bin hanyar nan, ko allura ban taɓa yarwa ba."

Na ja masa kujera. Abin da ya fi damuna shi ne layin. Da ya shiga Najeriya yakan cire layinsa na Nijar mai +227 ya sa na can, ya jefa na gida cikin aljihun riga tare da goro da canji. Duk wanda ya tsinci wannan ɗan katin ya sa shi a wata waya, lambar WhatsApp mai alƙaluma 6 gare shi za ta zo, kafin la'asar yana roƙon kuɗi a wurin abokan cinikin Kawu da sunan Kawu. Don haka muka fara da sa wa layin lambar PIN tasa. Na gaya masa kuskure uku ke kulle shi, daga nan sai PUK mai alƙaluma 8 da ke jikin babban katin da aka ɓalle layin, ita kuma in aka yi kuskurenta sau goma layin ya mutu. Katin yana gida wajen Inna, can ya kamata ya zauna.

Sai tabbaci mai mataki biyu na WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da ake nema in za a yi rajistarsa a wata waya, cikin saituna, sashen asusu. Alƙaluma 6 ya zaɓa da kansa, na juya baya har ya gama. Na sa ya haɗa da adireshin imel, don wanda ya manta lambar kuma bai sa imel ba sai ya jira kwana 7. Na kuma ja kunnensa: canja layi a cikin waya ba ya taɓa WhatsApp, yana nan kan tsohuwar lamba, kada wani yaro a kasuwa ya ce zai sake yi masa rajista. Lambar da ta shigo ta saƙo kuwa ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake. Na rufe nuna saƙo a fuskar waya in tana kulle.

Lambar buɗe waya ta koma alƙaluma 6, ba shekara, ba lambar mota. In zai ba masu caji a tasha, ya kashe ta tukuna, don in an kunna sai an sa lamba, kuma PIN na layi zai tsaya a gaba. Intanet na masauki ya bar shi ga kallo da sauraro, harkar kuɗi ya yi da datarsa. Mun danna *#06#, na rubuta masa IMEI, lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, a littafin shago.

Saura Gmail, wadda ita ce uwar sauran, tunda ta nan ake dawo da Facebook. Google kan nemi ƙarin tabbaci in ya ga an shiga daga baƙuwar waya, kuma in layin gida ba ya kamawa a can saƙon ba zai iso ba. Maganinsa lambobin ajiya ne: guda 10, kowace alƙaluma 8, kowace sau ɗaya take aiki. A rubuta su ba tare da sunan asusun ba, a sa cikin jakar tufafi, nesa da wayar. Ina cikin buɗe shafin aka kira azahar. Ya ce zai dawo bayan salla.

Bai dawo ba.

Auta ya kawo tuwo, ban ci rabi ba. Wata mata daga unguwar Bagalam da wayar da ta faɗa randa. Caja biyu, jika uku.

Na kira shi bayan magariba, sau biyu, tana ƙara ba a ɗauka. Kalmar sirrin Gmail ɗin har yanzu tsohuwar ce, sunan babban ɗansa da shekara, kuma ban san ido nawa suka ga takardar nan ba a duk wuraren cajin da ya taɓa ajiye wayar. Takardar tana cikin durowata yanzu. Wani tunanin kuma: in ya manta sabuwar PIN a hanya ya yi kuskure uku, ni na jawo masa. Na tura wa Inna saƙo ta nemo katin PUK ta ajiye kusa.

Motarsu bayan asuba take tashi. Na sa biro da farar takarda a aljihu, minti goma ya ishe mu a tasha.