Wasiƙa daga Birmingham: sarauniya a ɗakin girkinmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaisuwa daga Birmingham, inda sanyi ya fara sassautawa. Ya kuke fama da zafin bazara? Allah ya kawo damina lafiya.

Wata biyu cur yaranmu suka yi a gida. An sake rufe makarantun Ingila ranar 5 ga Janairun 2021 saboda korona, ba a buɗe ba sai 8 ga Maris. A wannan tsakanin ne gidana ya koma dandalin wasan kwaikwayo, ba tare da an nemi shawarata ba.

'Yar farina (ku yi haƙuri, ko a Turai bakina bai iya kiran sunanta ba) tana shirin jarrabawar GCSE, kwatankwacin WAEC ɗinmu. A darasin adabi sai kowane ɗalibi ya karanta wasa ɗaya na Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, su kuma Macbeth aka zaɓa musu. Labarin wani sarkin yaƙi ne a Sikotland mai suna Macbeth, da matsafa mata uku suka tare shi da busharar zai hau karaga. Matarsa ta yi ta zuga shi har ya kashe Sarki Duncan, wanda ya sauka baƙo a gidansa. Duk wanda ya san rikicin gidan sarauta ba ya buƙatar tafinta a nan. Macbeth na tarihi kuwa ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen fama aka kashe Duncan, ba a kan gado ba. Marubucin ne ya sa gishirinsa.

Kafin kulle, yarinyar nan haddace layuka take yi kamar mai shan maɗaci. Turancin ya haura shekara 400, ko 'ya'yan Turawan ma sai da ƙamus. Da aka koma karatu ta kwamfuta, malamarsu ta ga fuskoki suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce to ba sauran karatu a zaune, kowa ya ɗauki rawar da zai taka.

Ranar farko dariya na sha daga bayan ƙofa. Matsafan nan uku akwai inda za su haɗa baki su yi surkulle tare, amma intanet ba ta yarda ba. Muryar wannan ta riga ta waccan, ta ukun kuma bakinta na motsi ba a jin komai, ta manta ta buɗe makirfo. Yaron da ke Macbeth waya ɗaya suke rabawa da ƙannensa biyu, ana tsakiyar makirci sai ya ce a dakata, ƙanwarsa na da lissafi. Gwamnati ta raba kwamfutoci sama da miliyan 1 ga yara marasa hali, amma tasa ba ta iso da wuri ba. Ku daina zaton kowa a nan yana cikin daula.

Malamar ta san aikinta. Ta raba surkullen, kowace matsafiya da nata layin, dole ta kasa kunne ta ji inda 'yar'uwarta ta tsaya. Fatalwar Banquo, abokin Macbeth da ya sa aka kashe, wadda Macbeth kaɗai ke gani a wurin walima, yaron da ke yin ta kashe kyamara yake yi, sai a tsakiyar magana ya kunna, fuskarsa ta faɗo allo ba sallama. Ni da nake leƙe sai da gabana ya faɗi. Na lura yaran sun koma sauraro, kamar yadda muke zagaye rediyo muna yara idan an sa wasan kwaikwayo, murya kaɗai ta ishe mu ganin gari guda.

Tawa ita ce matar Macbeth. Ta zaɓi ɗakin girki don wurin da sarauniya ke tashi cikin barci tana wanke jinin da babu mai ganinsa sai ita. Ta kashe fitila, ta jingina kwamfuta da tukunya, ta yafa farin mayafin mahaifiyarta, hasken waya na dukan haɓarta. Ta buɗe famfo tana murza hannu, tana murzawa. A lokacin shekara guda ke nan ana yi mana wa'azin wanke hannu na daƙiƙa 20, amma ban taɓa ganin wanki mai tayar da tsigar jiki irin wannan ba. Ajin ya yi tsit. Da ta kai inda sarauniya ke kukan duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kawar da ƙarnin jinin ba, sai mahaifiyarta, wadda ke jiran a ba ta wuri ta ɗora tuwo, ta ce a hankali, "Ba ta gamu da turaren wutan Barno ba ne." Makirfo a buɗe yake. An yi sa'a ba mai jin Hausa a ajin.

Daga baya yarinyar ce ta gaya min cewa a shekarun da aka rubuta wasan, wajen 1606, annoba ta sha rufe gidajen wasa na Landan. Ta faɗa da gadara, kamar tana ba da labarin wani kawunta.

A watan Maris na 2021 suka koma aji da takunkumi a fuska. Na yi mata alkawarin idan an saki hanya zan kai ta Stratford, garin haihuwar Shakespeare, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba daga nan. Mayafin dai har yau bai koma hannun mai shi ba.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
wani ɗan'uwa a Birmingham