Tsayuwar Turke

Ranar farko da aka kai mu ajin cigong, wato motsa jiki da horar da numfashi irin na Sinawa, a makarantar likitancin gargajiya da na yi a ƙasar Sin, na ɗauka naushi za a koya mana. Yaron da ya tashi yana kallon dambe a dandali, me kuma zai zata? Sai malamar, wata dattijuwa da ba ta kai kafaɗata ba, ta ce mu tsaya kawai. Ƙafafu a ware, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannaye a gaba kamar mun rungumi tulu. Tsayuwar turke suke kiranta. Ban cika minti biyar ba cinyoyina suka kama rawa, gumi ya jiƙa min riga, ita kuwa ko gezau.

Ta zo ta ɗora min yatsu biyu a kafaɗa ta ce, "Sassauta." Na ce, "Malama, ai a sake nake." Ta ɗan danna, sai na ji kafaɗar ta sauka. Ashe shekara da shekaru a ɗage nake yawo da ita ban sani ba.

Inda na fi ba ta wahala shi ne maganar "ci", ƙarfin da littattafansu suka ce yana zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, matattararsa kuma tana ƙasan cibiya. Na ce wuƙar tiyata ba ta taɓa cin karo da waɗannan hanyoyi ba, har gobe kuma ban sauya ra'ayi ba. Ba ta ja da ni ba. Cewa ta yi in ƙirga numfashina kafin darasi da bayansa. Na ƙirga, na ga ya ragu, ya kuma ƙara zurfi. Wannan kam ba ya buƙatar gardama.

Irin wannan motsa jiki ya daɗe. A wani kabari na shekarar 168 kafin Miladiyya da ke Mawangdui a ƙasar Sin, wanda aka tono a 1973, an samu ƙyallen siliki mai zanen mutum 44 suna miƙa da lanƙwasa jiki. Amma taici (wani salon motsa jiki a hankali) mai motsi 24 da tsofaffi ke yi a lambu da sassafe, gwamnati ce ta tsara shi a 1956 don ya yi wa kowa sauƙi. Sabo ne, duk da yadda ake tallarsa.

Girman kaina ya ƙarasa karyewa ne ranar tura-hannu, inda mutum biyu ke haɗa wuyan hannu kowa na neman gusar da ɗan'uwansa. Na tattara ƙarfina na tura ta. Ta ɗan juya ƙugu, na wuce fuu sai da na dafa bango. 'Yan aji suka fashe da dariya. Ta ce tun kafin in motsa ta ji inda na nufa, domin hannuna a sandare yake. Ta mayar da ni tsayuwar turke, minti goma a wannan karon.