Matar da ta buga kwafi 1,000, aka sayi 50

Tun jiya nake tunanin Isabella Valancy Crawford, marubuciyar waƙoƙi ta Kanada. A Dublin, babban birnin Ireland, aka haife ta, iyayenta suka kawo ta lardin Ontario na Kanada tana yarinya. Mahaifinta likita ne, amma talauci bai bar gidan ba, kuma yawancin 'yan'uwanta tun suna ƙanana suka rasu. Da mahaifin ya rasu a 1875, ɗawainiyar mahaifiyarta ta dawo wuyanta. Suka koma Toronto, suna zaman ɗakin haya, tana sayar wa jaridu irin su Globe da Evening Telegram waƙoƙi da labarai don su samu abin sawa a baki.

A 1884 ta zuba kuɗinta ta buga littafinta ɗaya tilo, mai ɗauke da doguwar waƙar "Malcolm's Katie", inda daji da gatarin masu saran itace ke magana kamar masu rai. Kwafi 1,000 aka buga, kusan 50 aka saya. Wallahi nan ne abin ya fi taɓa min zuciya, don ni ma ina da rubutu a akwati da ba wanda ya karanta.

Ciwon zuciya ya ɗauke ta ranar 12 ga Fabrairu, 1887. A garin Peterborough na Ontario aka binne ta. Sai a 1905 aka tattara waƙoƙinta aka buga.