Jijiyar da ta ƙi rufewa a ƙirjin bakwaini

Aikin ɗakin bakwaini ya koya mana cewa ba kowace buɗaɗɗiyar jijiya ake bi da magani ba. Jijiyar da likitoci ke kira PDA ita ce ta haɗa babbar jijiyar jiki da ta huhu, kuma kowa da ita aka haife shi. A ɗan wata tara takan tsuke cikin kwana 2 zuwa 3. A wanda bai kai sati 28 ba kuwa sai ta yi zamanta, jini ya cika huhu, hanji da ƙoda su samu ragowa.

Kunne yana ruɗi. Akan ji "shuu" a hagun ƙirji, bugun jini yana tsalle a matsematsi, buƙatar oksijin tana hawa, amma jijiya mai faɗi tana iya yin shiru. Sai hoton zuciya ne ke nuna mai damuwa: faɗin da ya haura milimita 1.5 tare da kumburin ɗakin hagu na sama na zuciya. Hoton ne kuma zai tona yaron da ta wannan jijiya yake rayuwa, wanda rufe ta ajalinsa ne.

Ibuprofen, maganin da ake bayarwa don rufe jijiyar, miligiram 10 ne a kowane kilo, sai 5 bayan awa 24, sai wani 5 bayan wata awa 24. Ɗan giram 900 ke nan 9, 4.5, 4.5. Kafin kowane zubi a ɗora famfas ɗinsa a sikeli, kowane giram ɗaya da ya ƙaru mililita ɗaya ne na fitsari. In fitsari bai kai mililita 1 a kilo a awa ba, ko ciki ya kumbura, ko ƙwayoyin daskarar da jini sun gaza 50,000, a dakata. Maganin yana rage jinin ƙoda, don haka gentamicin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai ya taru a jiki, abin da ake yawan mantawa. Inda ibuprofen bai dace ba, farasitamol miligiram 15 a kilo duk awa 6, kwana 3 zuwa 7.

Gwajin Baby-OSCAR na Birtaniya, 2024, bai ga raguwar mutuwa ko ciwon huhu mai daɗewa ba ga waɗanda aka ba ibuprofen da wuri. Shi ya sa yaron da ke shan nono yana ƙara nauyi gara a ƙyale shi, a daidaita ruwa, a maimaita hoto. Wanda ya kasa rabuwa da injin numfashi bayan zagaye biyu na magani, a nemi likitocin zuciya na asibitin Korle Bu da ke Accra.

Uwar da ta taso daga unguwar Nima a Accra, "huji a zuciya" kawai ta ji a baranda. A zaunar da ita: "Mama, zuciyarsa ba ta huje ba, jijiya ce ta makara wajen rufewa. Ki ci gaba da tatso masa nono."