Ledar da ta maƙale a reshe

Shekara shida kenan ina koyar da zane a firamare, kuma abu ɗaya kullum yake damuna. Ka ce wa yara su zana bishiya, su arba'in duk iri ɗaya za su kawo maka, sanda a tsaye, koren dunƙule a sama, shikenan. Bishiyar littafi ce, ba wanda ya taɓa zama a inuwarta.

Rannan sai na ce kowa ya ɗau fensir da takarda mu fita, ga bishiya can bayan aji, ita nake so. Da farko surutu, can sai tsit. Wani ya lura ɓawonta duk a tsattsage yake, wani ya tsaya kan layin tururuwa ya manta da ganye gaba ɗaya, ranar na fara gane halin kowa a takardarsa. Sai wata yarinya mai shiru-shiru ta zo ta ce, "Malam, ledar nan da ta maƙale a reshe, in sa ta ko in bar ta?" Na ce kin gan ta? Ta ce eh. Na ce to sa ta.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, don na sha yi musu bayanin leda, cewa tana daɗewa ba ta ruɓe ba, tana toshe magudanar ruwa, dabbobi su haɗiye su mutu, har na gaya musu Ruwanda ta hana ta tun 2008 Kenya ta biyo baya a 2017, sun haddace sun rubuta a jarrabawa sun ci, amma ba wanda ya ɗaga kai ya ga baƙar ledar nan sai da aka ce ya zana. Shi ya sa raina yake ɓaci in an ƙwace lokacin zane an ba lissafi, wai ai wasa ne.

Washegari na nuna musu hoton aikin El Anatsui a wayata, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka kafin ya yi ritaya, murafen kwalba da aka yar yake ƙullawa da wayar jan ƙarfe su zama kamar makeken mayafi mai ƙyalli, har aka karrama shi a birnin Benis na Italiya a 2015. Suka yi ta leƙe, ba su yarda shara ba ce.

Yanzu kwali biyu muka tara na murafe a lungun aji, yarinyar nan ce ke ware su kala-kala, har yau suna gardamar abin da za su haɗa.