Siririn sautin sifikuna ya dawo

Wata uku ina fama da sifikun nan masu tsada da na saya da kuɗin riɗina. Bes ɗin, wato kaurin sauti, na nan daram, amma siririn sautin ya dushe. Kukuma ta koma kamar an lulluɓe ta da bargo, harafin sin a karatun Alƙur'ani ma ba ya fita tas. Wannan ne ya fi ci min rai.

Na zargi ƙurar hunturu, na goge, shiru. Ranar kasuwa na kai wa wani mai gyara a Ringim. Ya auna, ya ce, "Malam, tuwitarka lafiya lau, kafasita ce ta gaji." Kafasita wata 'yar na'ura ce a cikin sifika, ita ce ke tare kaurin sauti, ta bar siririn ya wuce zuwa tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Ya canza kafasitar.

Sauran laifin nawa ne. A ƙasa na girke su, gefen labule mai kauri, alhali siririn sauti miƙe yake tafiya, kuma tsumma na shanye shi. Na ɗaga su daidai kunnena, na fuskanto da su wajen zamana. Wallahi jiya har jan numfashin mai karatu na ji. Alhamdulillahi.